Jinin da Ya Kwanta a Kan Baffa Hamma

Salmanu mutumin Darini ne, a ƙasar Batsari. Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, jiragen ruwa suka yi layi a Ikko maƙare da siminti, yana cikin samarin da suka jingine fartanya suka tafi dako a bakin teku. Shekara bakwai ya yi can. Bai dawo da wani abin kirki ba sai rediyo da ciwon baya da Turancin bakin tasha, wanda ya ishe shi tambayar hanya da ciniki da faɗa. Da ya dawo ya karɓi gonar ubansa, ya auri Mero, 'yar wani Bafulatani mai suna Hamma.

Hamma dattijo ne dogo siriri, ba mai yawan magana ba. Asalin gidansa Babban Duhu ne ta wajen Safana, amma duk damina yakan kawo shanunsa gefen dajin Ruma, ba nisa da Darini. Tsakaninsa da Salmanu akwai kunyar surukuta irin ta mutanen da. Salmanu bai taɓa kama sunansa ba, Baffa yake ce masa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in kuma suka haɗu a hanya tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Shi ma tsohon ba ya kiran sunan Salmanu, Na-Darini yake ce masa.

A kakar 1988 dawa ta yi kyau, ta fitar da kai, ta fi tsayin mutum. Sau biyu a watan nan shanun da ba a san na wane ne ba suka shiga gonar Salmanu suka yi ɓarna. Wata rana bayan la'asar ya je zagaye, sai ya ji motsi a tsakiyar dawa, ya hango karare suna kwantawa. Ransa ya ɓaci. Akwai wata tsohuwar ƙotar fartanya yashe a bakin kunya. Ya ɗauka, ya auna inda kara ke motsi, ya wurga da iya ƙarfinsa.

Ba kukan saniya ya ji ba. Muryar mutum ya ji ta yi salati, kuma ya san muryar.

Ya matsa kaɗan ya leƙa ta tsakanin kara. Ga malfar Baffa can gefe, ga shi kansa kwance a ƙasa, ya dafe gefen kansa na dama. Ashe shanunsa ne suka ƙwace suka shigo, shi kuma ya biyo su yana ƙoƙarin kora su. Salmanu ya tsaya daga inda yake. Ya ga tsohon ya motsa, ya yunƙura ya zauna, yana laluben malfa. A nan ne ya kamata ya fito. Amma ya rasa da wace fuska zai tsaya gaban uban matarsa ya ce ni na jefe ka. Sai ya ja da baya a hankali, ya bi ta ƙarshen gona ya koma gida. A hanya yana gaya wa kansa ai ya tashi zaune, ai babu jini.

Washegari da hantsi Daudu, babban ɗan Hamma, ya yi sallama da ƙwaryar nono a hannu. Bayan an gama gaisuwa ya ce, "Baffa ne ya aiko ni. Ya ce jiya dabbobinmu sun shiga gonarka. Ya ce ka je ka duba ɓarnar, duk abin da ka ce haka za a yi."

Salmanu ya ce, "Haba, ai gonarsa ce. Kada ma ya ƙara tada maganar." Ya ɗan dakata, sannan ya ce, "Shi lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Yana can wajen shanu."

Tsohon bai gaya wa kowa an jefe shi ba. Shi ma kunyar shigar shanunsa gonar suruki ce ta rufe masa baki. Salmanu ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka magana ta wuce.

Sai bayan girbi, da Hamma ya koma Babban Duhu, labari ya fara zuwa. Da farko ciwon kai ne da ba ya jin magani. Daga baya aka ce ya fara mantuwa. Mutumin da ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, ya tsaya gaban garke yana tambayar na wane ne. Sai ƙafar hagu ta fara ja, hannun hagu ya daina riƙe sanda. Mero ta tafi jinya, Salmanu ya bi ta bayan kwana uku.

Ya tarar da gida cike da shawara. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce iska ce ya gamu da ita a dajin Ruma. An yi rubutu, an yi hayaƙi har idanun tsohon suka yi ja. Malamin asibitin Safana ya gwada jininsa ya ce bai hau ba, ya ba da ƙwayoyi ya ce a kai shi Katsina. Salmanu yana zaune cikin masu ba da shawara, kansa a ƙasa. Ya san gefen da ƙota ta samu, kuma duk lokacin da tsohon ya ɗaga hannu ya dafe kansa, daidai wurin yake dafewa.

Ba wanda ya kai Salmanu hidima a jinyar nan. Shi ke ɗaga shi, shi ke goya shi zuwa bayan gida in Daudu yana wajen shanu, shi ke wanke tabarma in abin ya kufce wa tsohon. Kunyar surukuta duk ya ajiye ta gefe. Matan gidan suka riƙa cewa Mero ta yi dacen miji. Duk lokacin da ya ji haka sai ya nemi dalilin fita waje.

Daga Katsina aka tura su Zariya. Likitan can Bahaushe ne, ya haska idanun Hamma da 'yar fitila, ya bubbuga gwiwoyinsa, sannan ya juyo.

"Ya taɓa faɗuwa? Ko saniya ta tunkuye shi? Ko wani abu ya buge shi a kai, ko da watanni biyu ne ko uku da suka wuce?"

Daudu ya ce, "A'a, likita. Da ya faɗa mana."

Likita ya dubi Salmanu. Salmanu ya dubi ƙasa ya ce, "Ba mu ji ba."

Likita ya ce to akwai abin da ke danne ƙwaƙwalwa, amma hoton ƙashi da suke ɗauka ba ya nuna shi, kuma ba zai buɗe kan dattijo a kan zato ba. Ya ce akwai sabon inji a Ibadan, garin da mutanenmu ke kira Badun, sunansa siti-sikan, yana ganin cikin kai ba tare da an tsaga ba. Ya rubuta takarda ya ba su.

Aka sayar da bijimai biyu daga garken Hamma. Da aka zo maganar wanda zai raka Daudu ba a yi gardama ba. Daudu yana jin Fulatanci da Hausa, amma ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba. Salmanu ne ya san kudu. Suka hau jirgin ƙasa daga Zariya, tsohon a tsakiyarsu, kansa yana faɗawa kan kafaɗar surukinsa duk lokacin da jirgi ya girgiza.

A Badun aka ba su gado, aka ɗebi jinin Hamma don a duba lafiyar ƙodarsa, aka ce ranar Laraba da safe kada ya ci komai. Ranar Laraba aka tura shi a keken marasa lafiya har wani ɗaki a ƙarshen baranda. Likitan hoto Bayarabe ne mai furfura a gemu, yana magana a hankali don Salmanu ya gane. Shi ma tambayar da ya fara yi ke nan, ko an taɓa buge shi a kai. Salmanu ya juya tambayar zuwa Hausa, Daudu ya ce a'a, Salmanu ya mayar wa likita da a'a. Ya ji kalmar ta fita daga bakinsa da sauƙi, don a wannan karon ta Daudu ce, shi ɗan aike ne kawai. Sauƙin da ya ji ya fi komai ba shi haushin kansa.

Mutum ɗaya aka yarda ya shiga da mara lafiya, kuma dole ya zama mai jin magana. Daudu ya zauna a benci a waje. Aka sa wa Salmanu wata riga mai nauyi ta dalma, aka ce tana kare jiki daga hasken injin.

Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. Injin kuwa kamar bakin rijiya ne aka tayar da shi tsaye, da siririn gado yana shiga cikinsa. Aka kwantar da Hamma, aka ɗaure goshinsa da maɗauri, ma'aikacin injin ya ce wa Salmanu aikinsa ɗaya ne, ya hana shi motsi. Salmanu ya riƙe hannunsa na dama yana cewa, "Baffa, kwanta shiru, yanzu za a gama." Gado ya shiga, inji ya yi ta ƙugi yana tsayawa, gado ya ɗan matsa, ya sake ƙugi. Ta cikin gilashi Salmanu yana hango likita da ma'aikacin sun sunkuya kan wani akwati mai kama da talabijin. Sun daɗe suna kallo, ba wanda ya yi murmushi.

Likita ya shigo ya ce, "Ƙwaƙwalwarsa ta karkata gefe ɗaya. Wani abu yana tura ta daga dama, amma ban ga ko mene ne ba, ya saje da ita. Zai iya zama ƙari. Za mu yi masa allurar wani ruwa a jijiya, kamar rini yake, yana bin jini. Duk inda ya bi zai yi haske a hoto. Sai mu sake ɗauka."

Ya tambaya ko tsohon yana da fuka, ko wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi. Salmanu ya leƙa waje ya tambayi Daudu, ya dawo ya ce babu. Likita ya ce, "Gaya masa zai ji zafi ya bi jikinsa, bakinsa zai yi ɗanɗanon ƙarfe. Zai kuma ji kamar ya yi fitsari. Bai yi ba, maganin ne. In numfashi ya yi masa wuya ko jikinsa ya fara ƙaiƙayi, ka ɗaga hannu nan take."

Salmanu ya sunkuya ya faɗi na zafin da na ɗanɗanon. Na ukun ne kunya ta hana shi. Duk da abin da ya wanke a Babban Duhu, a lokacin tsohon bai san inda yake ba. Yau kuwa idonsa biyu, yana kallonsa. Bai iya faɗa ba.

Wata nas ta ɗaure damtsen Hamma, ta nemi jijiya ta soka allura, likita ya riƙa tura ruwan a hankali daga wani babban sirinji. Ba a jima ba tsohon ya buɗe ido sosai.

"Wuta," in ji shi. "Wuta a cikin jikina."

"Maganin ne, Baffa. Yanzu zai wuce."

Sai fuskar tsohon ta canza. Ya yi ƙoƙarin juya kai, maɗauri ya hana shi. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Na-Darini, fita. Kira mini Daudu. Na ɓata wa mutane gado."

Rabon da ya kira shi Na-Darini tun kafin su bar Katsina.

"Ba ka ɓata ba, Baffa. Likita ya ce haka maganin yake sa mutum ya ji."

"Ina ji a jikina. Fita, don Allah."

Likita yana nuna agogo, yana cewa dole a ɗauka yanzu kafin ruwan ya wuce. Salmanu ya kai hannu ya shafa zanen gadon, sannan ya kama hannun tsohon ya ɗora a wurin. "Ji da kanka. A bushe yake."

Hamma ya shafa, ya sake shafawa. Jikinsa ya saki. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ɗan da na haifa ba zai yi mini fiye da haka ba."

Gado ya sake shiga cikin injin. Salmanu yana tsaye cikin rigar dalma, gumi yana bin bayansa duk da sanyin ɗakin. Da zagi tsohon ya yi masa, da ya fi masa sauƙin ɗauka.

Da aka gama aka mayar da Hamma kan keke, aka ce a ba shi ruwa da yawa ya sha don rinin ya fita. Likita ya kira Salmanu da Daudu cikin ɗan ofishinsa. Ya maƙala baƙaƙen hotuna biyu a jikin wani allo mai fitila, kowanne da ƙananan da'irori jere.

"Wannan na farko ne," ya ce, yana nuni da biro. "Duba, toka-toka ne duka. Wannan kuma bayan allura." A na biyun akwai wani siririn farin layi, lanƙwashe kamar jinjirin wata, daga goshi zuwa ƙeya ta gefen dama. "Wannan layin fata ce jiki ya yi, rinin ya haska ta. Abin da ke tsakaninta da ƙashi jini ne. Ba ƙari ba ne. Sabon jini fari yake fitowa a hoto, wanda ya daɗe ƙwarai baƙi, amma na tsakani launinsa ɗaya da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ya ɓuya. Wannan ya kai wata biyu, ko ya ɗan fi. A hankali ya riƙa taruwa."

Ya ajiye biro, ya taɓa gefen kansa na dama, sama da kunne. "Galibi bugu ke kawo shi. A nan. Ba lalle mai ƙarfi ba, tsofaffi jijiyarsu ba ta da ƙwari. Ka tabbata babu wanda ya san komai?"

Salmanu ya dubi farin layin. Wata biyu da kwana goma sha ɗaya, shi ya san lissafin. Daudu yana gefensa yana kallon bakinsu, yana jiran fassara. Salmanu ya ce da Turanci, muryarsa ba ta fita sosai, "Ni ne. Icce na jefa wa shanu, ya same shi."

Likita bai ɗaga murya ba. Ya dube shi na ɗan lokaci ya ce, "Ka gaya wa likitan da ya turo ku?"

"A'a."

"Da ya sani, mai yiwuwa da tun can sun huda sun fitar, ba sai kun yi wannan tafiya da shi a haka ba." Ya cire hotunan ya sa a ambulan. "To, yanzu dai mun gani. Abu ne mai gyaruwa. Zan kira likitan tiyata, ina jin gobe za su yi."

Daudu ya taɓa hannun Salmanu. "Me ya ce? Kai kuma me ka ce masa?"

"Ya ce jini ne ya kwanta, ba ƙari ba. Za su huda su fitar gobe. Ya ce ana warkewa."

Daudu ya ɗaga hannu sama yana hamdala, ya kama hannun likita da hannu biyu yana godiya da Fulatanci. Likita ya amsa, amma ta saman kan Daudu Salmanu yake kallo.

Washegari da hantsi aka shiga da Hamma. Su biyu suka zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata. Daudu ya ciro goro ya raba biyu ya miƙa masa. Salmanu ya karɓa ya riƙe, bai kai baki ba.

"Daudu, akwai abin da likita ya faɗa jiya ban gaya maka ba."

Ya faɗa masa duka, tun daga motsin kara har zuwa ja da bayan da ya yi, da ƙwaryar nonon da ya karɓa washegari, da abin da likita ya ce game da Zariya. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

Daudu ya dubi goron da ke hannunsa. Can ya ce, "Ranar da na kawo nono ka tambaye ni ko yana lafiya."

"Na tambaya."

"Ana yi masa hayaƙi yana tari, kana zaune." Ya juya goron a hannunsa. "Da nake ganin kana goya shi, na ce wa Mero ko ni ban kai ka son Baffa ba."

"Wallahi ina son sa, Daudu."

"Ban ce ba ka son sa ba."

Ya tashi ya koma wani benci can ƙarshen baranda ya zauna, ya juya baya. Haka suka yi jira, kowa shi kaɗai, har aka turo tsohon da farin bandeji a kai da 'yar roba tana fitar da baƙin jini cikin kwalba.

Sauƙin ya zo da sauri har ya ba su mamaki. Kwana biyu Hamma ya matse yatsun nas da hannun hagu. Kwana huɗu ya tambayi Daudu ko jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu, ya kuma yi faɗa da ya ji waɗanne bijimai aka sayar. Daudu yana yi wa Salmanu magana in ta kama, miƙo ruwa, kira nas, ba ya ƙarawa. Bai gaya wa ubansa komai ba, ya bar maganar ga mai ita.

Rana ta shida da azahar, Daudu ya fita alwala, Salmanu ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban gadon. Ya maimaita abin da ya faɗa a benci. A wannan karon ya fi wuya, sau biyu yana tsayawa.

Hamma ya saurara idonsa a kan silin. Ya ce, "Na tuna ranar. Na ɗauka wani maƙwabcinka ne ya jefi shanu ya gudu. Ban ga laifinsa ba, shanuna ne a gonar mutane." Sai ya tambaya, "Ka gan ni a ƙasa?"

"Na gan ka, Baffa."

"Ka gane ni?"

"Na gane ka."

"Ka tafi."

"Na tafi."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen bango. Salmanu ya zauna a durƙushe har ƙafafunsa suka mutu, har nas ta zo ta ce ya tashi daga hanya.

Sai washegari, yana ba shi ruwa, Hamma ya yi magana ba tare da ya dube shi ba. "Jifa kuskure ne, ko ni na sha jifan saniya in sami wata. Wannan babu komai. Tafiyar ce ta tsaya mini." Ya kurɓi ruwa. "Ita ma na yafe, don ina so Allah ya yafe mini nawa. Amma ka ba ni lokaci, zuciya ba ta saurin bin baki. Mero kuma kai za ka gaya mata, ba ni ba, ba Daudu ba. Bayan ita kada wani ya ji."

Bayan mako uku suka dawo. A tashar Safana mutanen Babban Duhu suka taru, suka ga Hamma ya sauko daga mota da ƙafarsa, yana dogara sanda da hannun da ya mutu. Mata suka yi guɗa. Wani dattijo ya kama hannun Salmanu ya ɗaga sama yana cewa ga wanda ya kai shi ya dawo da shi. Salmanu ya zare hannunsa a hankali ya ce kaya na cikin mota, ya je ya yi ta sauke buhunan da ba nasu ba.

Ya gaya wa Mero a Darini, da rana tsaka, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta saurare shi har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, ni da ke kwana ina roƙon Allah ya nuna mana abin da ke damunsa, ashe amsar tana ɗakina." Da la'asar ta ɗaura 'yarta a baya ta ce za ta je ta ga jikin Baffa. Bai hana ta ba, bai kuma tambayi ranar dawowa ba.

Kwana goma sha tara ta yi. Ranar da ta dawo Daudu ne ya rako ta a kan keke, ya sauke ta a ƙofar gida. Salmanu ya fito da sauri ya yi masa sannu da zuwa, ya ce ya shigo ya sha ruwa. Daudu ya amsa gaisuwa yadda ya kamata, ya tambayi gida da gona, amma ya ce rana ta yi, shanu na jira. Ya juya kekensa ya tafi.

Mero ta shiga ta kwance goyo, ta leƙa randa ta ga babu ruwa, ta leƙa madafa ta ga toka ta kwana da kwanaki. Ta ce, "Baffa ya ce a gaishe ka. Ya fara fita kiwo, amma ba ya nisa."

Salmanu ya ce, "Ina amsawa."

Ya tsaya yana jiran ko akwai sauran saƙo. Babu. Sai ya ɗauki tulu biyu ya nufi rijiya.